Ɗinkin Fuskar Meram

Shafi na 17

Assalamu alaikum, mutanen wannan zaure. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allah da ta ce in ban saki shafi yau ba za ta hau mota ta zo Azare ta kwance min keken ɗinki. Ku yi haƙuri. Aiki ne ya taru, ni kuma da yatsa ɗaya nake danna rubutu.

Wanda ya shigo mana yau, ga inda muke. Ni Izzuddeen, tela ne. Ƙanwata Zuliha tana da ƙullutu a kunnen hagu, ya taso ne bayan ta yi hujin kunne na biyu, yanzu ya kai girman dabino. Shekara uku ke nan ba ta ɗaura ɗankwali sai ta ja shi ya rufe kunnen. Sai ta ga tallar wani Dakta Khalil a waya, wai yana cire irinsa cikin minti arba'in, babu tabo, babu dawowa. Ya sauka Azare na kwana uku, an ba ta ranar Alhamis da safe.

Ni kuma na kalli hoton tallar, na ga rigar da na ɗinka da hannuna.

Hotuna biyu ne a jere, a ƙarƙashin hoton Daktan da farar riga yana murmushi. A na hagu, mace ce da tudun nama tun daga kunne har haɓa, an rubuta KAFIN AIKI. A na dama ita ɗin ce, fuska sumul, tana murmushi, an rubuta WATA BIYU BAYAN AIKI.

Rigar da ke jikinta a na dama ankon bikin Dijatu ne, 'yar maƙwabtanmu. Riguna goma sha ɗaya na ɗinka wa ƙawayen amarya a lokacin. A ta ƙarshe zare ruwan goro ya ƙare min, kasuwa ta tashi, na ƙarasa surfanin wuyan da ruwan zuma ina fatan kar mai rigar ta lura. Ga shi nan a hoton, rabi goro rabi zuma.

Dijatu kuwa, yau ɗanta har yana bin yara Islamiyya.

Da na nuna wa Zuliha, cewa ta yi don Allah Yaya, mutum ba ya sake sa tsohuwar riga? Na ce yana sawa. Amma ki duba gefen hoton, ga kafaɗar wata da atamfa iri ɗaya, ga wata kuma a baya. Mata uku ba sa haɗuwa cikin anko ɗaya sai ranar bikin. Ta ce ni dai ba na son ta huta ne, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Shi ya sa ranar Laraba da sassafe na nufi tasha. Dijatu ta ba ni suna da kwatance: Meram, 'yar Malam Bunu masunci, a garin Katagum. Ta ce tun bayan bikin ba ta ƙara jin ɗuriyarta ba, lambarta ma ba ta shiga.

*

Wajen ƙarfe goma na isa gidan.

Na samu dattijo a zaure, ya baza komar kamun kifi a cinya yana ɗaure inda ta tsinke. Muka gaisa. Ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Azare, ya miƙo min ruwa a kwanon sha. Bai tambayi abin da ya kawo ni ba sai da na sha na ajiye.

Ni ban iya tsara magana ba. Sai na ciro wayar na miƙa masa.

Ya nisanta ta da idonsa, ya sake matso da ita. Ya daɗe a haka, har ƙuda ya sauka a hannunsa bai kore shi ba.

"Wa ya ba ka hoton 'yata?"

"Baba, ba ni kaɗai aka ba ba. Yana cikin wayar kowa."

"Kowa?"

"Dubban mutane sun gani."

Sai na gaya masa ni ne telan da ya ɗinka rigar da ke hoton, na kuma faɗa masa batun ƙanwata Zuliha. Ya naɗe komar a hankali, ya ajiye ta gefe, ya shiga gida da wayar a hannu. Na zauna ina kallon tabarma.

Da ya dawo, tana biye da shi. Doguwa ce, da niƙabi, idanu kawai ake gani. Ta zauna a bakin ƙofar ciki, bayan mahaifinta. Ta gaishe ni, na amsa.

"Kai ne telan?"

"Ni ne."

"Ka cuce ni a wuyan rigar nan. Tun ranar na gani, na yi shiru ne saboda amarya."

Kunya ta rufe ni, na shiga ba da haƙurin da ya makara da shekara huɗu. Ta ce ta yafe, ɗinkin dai ya zauna. Malam Bunu ya yi 'yar dariya ta hanci, sannan ya miƙa mata wayar.

Ashe ba ta taɓa ganin tallar ba. Ta ce ta daɗe da yar da babbar waya, ƙarama mai madannai take riƙewa. Na ga yatsanta yana bin rubutun a hankali, kamar mai karanta allo. Ta karanta na dama. Ta koma na hagu. Ta sake komawa na dama.

"Malam tela, ƙanwarka nawa ne girman nata?"

"Kamar dabino."

"Nawa bai kai gyaɗa ba."

Na ce ban gane ba.

Ta juyo da fuskar wayar gare ni, ta ɗora yatsa a kan hoton hagu, mai tudun naman.

"Wannan da ya rubuta wa kafin aiki, ba kafin aiki ba ne. Shi ne aikin."

Na sake duba hotunan biyu.

Ta ba ni labarin tana kallon ƙasa. Ranar bikin Dijatu ƙullutun yana nan, amma ƙarami, a bayan kunne, ɗankwali ya ɓoye shi. Wata uku bayan nan mutumin ya zo wani gari kusa da su, a lokacin ba da wannan sunan yake amfani ba, amma fuskar ce, farar rigar ce, murmushin ne. Kafin ya taɓa ta ya ce ta turo masa hotonta mafi kyau, wai don fayil. Ta duba wayarta, babu wanda ya kai na bikin, ta tura.

Ya yanke. Ya ɗinke. Washegari ya bar garin.

Sati shida wurin ya yi kamar ya lafa, har ta sayi 'yan kunne sababbi. Sai ya fara ƙaiƙayi. Sai ya fara tashi. Ya bi layin yankan, ya wuce shi, ya sauko kumatu, ya kama haɓa. Cikin wata takwas ba ta iya juya wuya sai ta juya jiki duka.

"Ni na ɗauki hoton nan da hannuna," in ji ta. "A ɗakin can. Ka ga labulen a baya? Yana nan rataye har yanzu. Na tura masa ina kuka, na ce Dakta duba abin da ya zama, ka taimake ni. Ya ce in riƙa shafa man kaɗanya. Daga ranar lambarsa ba ta ƙara shiga ba."

Malam Bunu ya ce, ba da kowa yake ba, "Hoton kukanta ya yi jari da shi."

Ni dai ina zaune ina jujjuya abin a kaina. Ban taɓa tunanin mutum zai iya yin ƙarya da hotuna biyu na gaskiya ba. Bai goge komai ba, bai ƙara komai ba. Wuri kawai ya musanya musu.

Na tambaye ta, da kyar, ko har yanzu haka fuskar take.

Ta ce a'a. Ta ce akwai wata mata.

Sunanta Dakta Salama, likitar fiɗa ce a asibitin koyarwa, 'yar kudancin Bauchi. Wani ma'aikacin jinya ne a nan Katagum ya rubuta musu takarda zuwa wurinta. Meram ta ce ranar farko ta je da shirin a yanka, ko abinci ba ta ci ba. Matar ba ta ko kalli wuƙa ba. Ta sa abin awo ta auna tudun, tsawo da faɗi, ta rubuta. Ta tambayi ko akwai mai irin wannan a dangi. Ta sa aka kira Malam Bunu daga waje, ta ce ya buɗe ƙirjinsa, ta ga wani tsohon tabon ƙugiya da ya tashi ya yi ƙullutu, ta ce to ga inda aka gado.

"Sai ta ce da ni, Meram, ba zan iya mayar miki da fuskarki ta da ba. Duk wanda ya ce zai iya, ki ɗauki jakarki ki fita. Abin da zan iya shi ne in kwantar da shi, kuma zai ci shekara biyu, kuma ko bayan nan yana iya ɗagowa, in ya ɗago mu sake kwantar da shi."

"Me kika ce mata?"

"Fushi na yi. Na ce wa Baba wannan ba ta san aikinta ba, mu tafi. Wancan minti arba'in ya ce, wannan shekara biyu."

Malam Bunu ya ce a mota ya gaya mata, shi a rayuwarsa bai taɓa jin likita ya ce ba zan iya ba, kuma tun da ya ji, hankalinsa ya kwanta da matar. Wata biyu yana lallashi kafin ta yarda suka koma.

Allura aka fara yi mata a cikin tudun, wata-wata, har sau bakwai, mai zafin da take cizon mayafi. Sai da ya yi laushi sannan aka yi fiɗa, a ɗakin tiyata na gaske, da mai sa barci, da masu taimako huɗu. Bayan nan aka haska wurin da na'ura, aka ba ta wani abu mai matsewa ta riƙa sawa kusan shekara. Duk ranar da ta fasa zuwa asibiti, sai matar ta kira wayar Baba da kanta.

Sai Meram ta kalli mahaifinta.

"Baba, in nuna masa?"

"Fuskarki ce."

Ta sa hannu biyu ta kwance igiyar niƙabin daga baya, ta sauke shi a cinya, ta juya min gefen hagu wajen hasken ƙofa.

Jama'a, ni tela ne. Shekara goma sha ɗaya ina kan keke. Na san ɗinkin gaggawa, na san ɗinkin mai haƙuri, ko daga nesa.

Ban taɓa ganin irin wannan ba.

Layi ne siriri, ya fi fatar duhu kaɗan. Ya taso daga bayan kunne, amma bai miƙe ya ratsa kumatu ba. Sai ya bi ƙarƙashin muƙamuƙi, daidai inda inuwa take faɗawa, ya lanƙwasa yadda ƙashin ya lanƙwasa, ya ɓace a ƙarƙashin haɓa. Babu tattara. Babu inda aka ja gefe ɗaya ya fi ɗaya. Mu teloli, in yadi ya gaza, muna ɓoye haɗin a hammata ko a cikin kalmasa. Wannan matar ta yi haka a jikin mutum, a yadin da yake numfashi, yake zubar da jini, wanda in ka ɓata babu kasuwar da za ka je ka ƙaro.

Fuskar ba sumul take ba kamar ta hoton. Kunnen ya ɗan rage a ƙasa. Kusa da haɓa akwai wani ɗan wuri da ya fi tauri. Amma ta juya wuya dama, ta juya hagu, ta yi murmushi, layin ya bi murmushin bai hana shi ba.

Ban san lokacin da na ce tsarki ya tabbata ga Allah ba.

"Ka daina kallona kamar shadda," in ji ta, ta ɗauko ƙaramar wayarta. "Bari in kira miki ita. Ka ji da kunnenka."

Sai a kira na biyu aka ɗauka. Murya ce ta mace mai ɗan shekaru, ana jin hayaniyar asibiti a bayanta. Ta ce Meram lafiya, ko ya ɗago? Meram ta ce lafiya lau, baƙo ne gare ta, ta yi mata bayani a gajarce ta miƙo min wayar. Na karɓa da hannu biyu, har na gyara zama kamar tana ganina.

Ta tambayi shekarun Zuliha, da girman ƙullutun, da ko yana ƙaiƙayi. Ta ce irin wannan tabon, in aka yanke shi kawai aka sallami mutum, sau da yawa dawowa yake, kuma ya fi na da. Yankan shi ne ƙaramin aiki a ciki. Babban aikin shi ne abin da za a yi kafin yankan da watannin da ke bayansa.

Na ce Dakta, to mu da ba mu yi karatu mai nisa ba, ta yaya za mu gane likitan gaske? Shi ma farar riga gare shi, har da abin sauraren ƙirji a wuya.

"Farar riga ai ku kuke ɗinka ta, Malam."

Na ce gaskiya ne, ni ma na taɓa ɗinka wa mai kyamis guda biyu.

Ta yi dariya. Ta ce in tambaye shi cikakken sunansa da lambar rajistarsa ta hukumar likitoci ta ƙasa, likitan gaske ba ya jin haushin wannan tambayar, ita tata tana rataye a bango kowa na iya ɗaukar hotonta ya je ya bincika. Ta ce kuma zama likita daban, zama likitan fiɗar gyaran jiki daban, shekaru ne masu yawa a tsakani, in tambayi inda ya koyi wannan ɗin. In kuma ya ce ɗari bisa ɗari, ko ya ce rangwame zai ƙare gobe, in riƙe hannun ƙanwata mu fito.

"Ka ce kai tela ne. In mutum ya kawo yadi uku yana son babbar riga, kana ce masa zai isa?"

"Wasu suna cewa, Dakta."

"Kai fa?"

"Ni ina cewa ya ƙaro."

"To haka aikin yake. Kuma bari in tambaye ka abu ɗaya. Ka ce kwana uku zai yi a Azare."

"E."

"Zaren da zai ɗinke ta da shi, wa zai cire?"

Kwana biyar muna gardama da Zuliha a gida, ni da Inna da ita, babu wanda ya yi wannan tambayar a cikinmu.

Ta ce in kawo Zuliha ranar Talata, ta gan ta, ba ta yi alkawarin komai ba sai dubawa. Ta ce amma kar a bari kowa ya sa mata wuƙa kafin nan. Aka kira ta daga can, ta yi sallama ta kashe.

Na riƙe wayar ina kallonta, kamar muryar tana ciki har yanzu. Raina ya yi sanyi. Na ce a zuciyata ina da yau duka, ina da daren yau, in na isa gida da labarin nan Zuliha za ta saurare ni.

Na ciro tawa wayar na kira ta.

A kashe.

Na sake kira. A kashe.

Na kira Inna. Ta ɗauka tana ta tambayar ina na shiga tun safe, shago a rufe, mai kaftani ya zo sau biyu. Na ce Inna ba ni Zuliha.

Ta ce ai yarinyar Daktan ta bugo da hantsi, wai an kira shi Abuja da gaggawa, yau da magariba zai tafi, duk masu ranar Alhamis su zo yau bayan azahar ko su rasa. Zuliha ta yi wanka ta fita tun ɗazu. Ta ce kuma kar a gaya wa Yaya sai an gama.

"Inna, kin bar ta?"

"Izzuddeen, shekara uku yarinyar nan ba ta je bikin kowa ba. Da wane baki zan hana ta?"

Na duba agogo. Sha biyu da rabi ta wuce. Tsakanina da Azare tafiyar kusan awa biyu ce, in an samu mota ta cika da wuri.

Na miƙe. Ina neman takalmina ne na ga Meram ta shige gida. Kafin in gama sallama da Malam Bunu ta fito da mayafi da jaka, ta mayar da niƙabinta.

"Ina za ki?" in ji shi.

"Baba, hotona ne ya kai ta."

Ya kalle ta. Ya ce min, shekara uku da rabi, ban da asibiti, ko kasuwar garin nan ba ta taka ba. Sannan ya ɗauki hularsa daga ƙusa ya ce mu je, yana da wanda zai kai mu ba sai mota ta cika ba.

A hanya muka tsaya muka yi azahar a gurguje a wani ƙauye. Ina ta kiran lambar Zuliha, matar nan ta cikin waya tana ta gaya min a kashe take, har na haddace muryarta.

Uku saura muka shiga Azare.

Gidan haya ne a hanyar Jama'are, mai shuɗin ƙyaure, ba allo, ba suna. A tsakar gida an jera benci uku, mata sun kai ashirin a zaune. Wata da tabon ƙuna a hannu, wata da 'yarta mai tsagaggen leɓe a cinya, wasu ba ka ganin abin da ya kawo su. Kusan kowacce tana riƙe da takardar tallar, mai hotunan nan biyu. Wata budurwa da farar riga tana zaune a teburi da biro.

Na ce ina neman Zuliha. Ta duba takarda ta ce tana ciki, maza ba sa shiga. Na ce ni yayanta ne. Ta ce ko babanta ne.

Na ce to ta ba ni lambar rajistar Daktan.

Ta ɗago ta kalle ni kamar na yi wani yare.

Ina shirin ture teburin, abin da ban taɓa yi wa kowa ba, sai na ji Meram ta wuce ta gefena. Ta je tsakiyar gidan ta tsaya inda rana take. Ta yi sallama. Matan suka amsa sama-sama.

Ta kwance niƙabin.

Da farko ba wanda ya gane. Sai wata dattijuwa a bencin gaba ta kalli takardar hannunta, ta kalli Meram, ta sake kallon takardar. Ta dafa ta kusa da ita. Haka abin ya bi benci-benci, kawuna suna sauka suna ɗagowa, har gidan ya yi tsit. Ko jaririn da ke ta kuka tun shigowarmu ya yi shiru.

"'Yar nan, ke ce?" in ji dattijuwar. "Ma sha Allah. Ashe da gaske ne ya iya."

"Ni ce, Hajiya. Amma ba shi ya gyara ba. Na hagun nan shi ne aikinsa."

Ba ta ɗaga murya ba, amma babu kunnen da bai ji ba. Ta faɗi wanda aka ɗauka da farko, ta faɗi wanda aka ɗauka daga baya. Ta juya musu gefen fuskarta ta ce wannan layin shekara biyu aka yi ana yinsa, a asibiti mai suna, hannun mata mai lambar rajista. Matar nan mai yarinya a cinya ta ja 'yarta ta rungume, ta miƙe tsaye.

Budurwar teburin ta tashi da sauri ta buga ƙofar ɗakin da tafin hannu.

Ƙofar ta buɗe.

Shi ne. Ya fi guntu a fili. Safar roba a hannunsa, ya fito da faɗa a baki yana tambayar wa ke masa hayaniya a wurin aiki. Idonsa ya sauka a kan Meram, sauran maganar ta maƙale.

Ni ba shi nake kallo ba. Bayansa nake leƙe.

Gado ne irin na gida, an shimfiɗa masa leda. Zuliha ta taso daga kai tana layi, ba ɗankwali, ta danne kunnen hagu da auduga. Ta zo bakin ƙofa ta dafa bango. Audugar ta jiƙe, jan yana bin wuyan hannunta yana shiga hannun riga.

Ta kalle ni. Bakinta ya karkace saboda allurar kashe zafi, da kyar maganar ta fito.

"Yaya, ya fara. Bai gama ba."